Yayan Matata Yana So In Ara Masa Fitsari Ranar Gwajin Lafiya

Malama, don Allah ki taimaka mini da shawara, kuma ki taimaka da wuri, domin abin da ya dame ni yana da ranarsa, ranar kuma ta matso. Na rasa wanda zan faɗa wa. Duk wanda zai gane maganar, ko abokin aikina ne ko ɗan gida, su kuwa suna cikinta tsundum.

Ni ma'aikaci ne a wani kamfani mai gina dogayen benaye. Aikina ɗaure kaya da ba da hannu. Wato idan za a ɗaga rodi ko bulo ko bokitin kankare zuwa sama, ni ke sa sarƙa, in duba ƙugiya, in kori mutane daga ƙarƙashi, sannan in yi wa direban kiren alama da hannu ko in yi masa magana ta oba-oba. Kiren shi ne dogon injin ɗaga kayan nan da kike hangowa a kan sababbin gine-gine. Direbansa yana zaune can ƙololuwa, cikin wani ɗan ɗakin gilashi da bai fi banɗaki girma ba, kuma sau da yawa ba ya ganin inda kayan za su sauka. Da idona yake aiki.

Direban namu yayan matata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A wurin aiki Na-Sama ake ce masa, ni kuma Yaya nake kiransa. Shi ya ba ni aurenta bayan rasuwar mahaifinsu. Shi ya kawo ni kamfanin lokacin da shagon waldar da nake yi wa aiki ya rufe, ya tsaya mini har aka ɗauke ni, ya koya mini ɗaurin kaya tun ban san bambancin sarƙar da ta gaji da mai lafiya ba. Ya haura shekara hamsin, kuma ban taɓa ganin mai sanyin hannu irinsa ba. Kafintoci kan ce zai iya ɗora ƙwai a bakin kwalba da kiren bai fasa ba.

Bari in gaya miki yadda zaman sama yake, don a nan matsalar take. Hawan tsanin yana cin lokaci, yana cin gwiwa, saboda haka idan direba ya hau da safe ba ya saukowa sai an tashi. Don kada bayan gida ya matsa musu, ba sa yawan ci, ba sa yawan sha. Fitsari ma a gorar roba suke yi, su sauko da abinsu. Yaya ya daɗe da barin karin kumallo, sai ruwan shayi, wai cikakken ciki yana kawo gyangyaɗi.

Makonnin baya muna ɗaga damin rodi da rana tsaka. Kaya ya yi nisa a sama, na ba da hannu a juya dama, sai na ga bai motsa ba. Na sake, shiru. Na kira ta oba-oba, shiru, rodi kuwa yana ta lilo a kan inda masu ɗaure ƙarfe suke aiki. Na daka musu tsawa suka watse. Can sai na ji muryarsa, amma magana ce kamar ta mai maye, ba kai ba gindi, alhali mutumin nan ko sigari bai taɓa sha ba. Na kama tsani na hau. Na same shi sharkaf da gumi, hannuwansa suna rawa, yana kallona kamar bai san ni ba. Ya riƙa nuna aljihun rigarsa. Na laluba na sami alewa, na ɓare na sa masa a baki, na ƙara masa wata. Ba a jima ba ya dawo hayyacinsa, ya goge fuska, ya sauke rodin nan daidai inda ake so. Da foman ya tambaya, Yaya ya ce batirin oba-oba ne ya mutu, ni kuma na bar maganar a haka.

A hanyar gida ya faɗa mini gaskiya. Bara wani mai kyamis ya huda masa yatsa ya ce yana da suga, ya sayar masa da ƙwayoyi. Kullum da safe yana shan ɗaya, ranar da ya ji jikinsa ya yi nauyi ya ƙara ɗaya. Likita bai taɓa ganinsa ba. Asibitin kamfani yana tsoron su kai rahoto ofis, na waje kuma yana tsoron wani ya gan shi a layi. Ya ce abin ya taɓa kama shi a gida, amma a sama wannan ne na farko, kuma ba zai sake ba tun da yanzu ya ƙara alewar aljihu.

To, mako mai zuwa za a yi mana gwajin lafiya na shekara. Duk mai aiki da injin ko mai hawa sama sai an gwada shi. Nas biyu da likita kan zo su zauna a kwantenar ofis, a auna jini, a sa ka karanta haruffa a bango, a miƙa maka 'yar kwalba ka zagaya baya. Ban sani ba ko kin taɓa jin yadda ake yi a wurare irin namu. Ranar gwaji, wanda yake shakkar jikinsa sai ya nemi mai lafiya ya cika masa kwalba, ya ɓoye ta a hammata don kada ta huce nas ta gane. Aro muke kiransa, kuma ba a ɗauke shi abin kunya ba. Akwai wani lebura da ake kira Tanki, tun asuba yake ɗirkar ruwa ranar don ya samu na ara wa mutane. Ana yi masa ba'a cewa ranar da ya kamu da ciwo, rabin kamfanin ne zai kwanta a takarda. Masu hawan jini kuwa tafarnuwa suke haɗiya, su kwanta a inuwar tirela kafin a kira su.

Kada ki ɗauka mugunta ce ke sa mutane haka. Shekaran bara direban katafila ya faɗi gaskiya cewa yana da hawan jini. Aka ce ya je gida ya huta, za a neme shi. Har yau ana nemansa. Na gan shi kwanaki yana gadi a wani gidan mai, ya rame, ya yi kamar bai gan ni ba. Tun daga kansa babu wanda ya ƙara faɗin gaskiya a kwantenar nan.

Shekaranjiya Yaya ya ja ni bayan tarin bulo ya ce bana ni zan ara masa. Ba ya son zuwa wurin Tanki, don Tanki bakinsa ba ya riƙe magana. Yana faɗa yana kallon ƙasa. Malama, mutumin da ban taɓa jin ya roƙi kowa ko allura ba. Mahaifiyarsu tana gidansa, 'ya'yansa duk suna makaranta, babbar saura shekara guda ta gama. Ya ce in bar shi ya kai ta gaci, daga nan da ƙafarsa zai sauko. Na ce masa to, bari mu ga ranar. Shi ya ɗauka na amsa.

Na gwada yi wa matata maganar. Ashe ta san da ciwon, ita ce ma take sayo masa alewar. Ta kalle ni ta ce ɗan fitsari ne fa aka ce in bayar, ba ƙoda ba, abin da kullum nake zubarwa a banza. Ta ce in ba Yaya ba da yanzu ina bakin titi ina jiran mai gyaran ƙofa. Ban gaya mata labarin rodin ba, saboda ya roƙe ni kada in faɗa. Tun ranar sai ta ajiye mini abinci ta shige ɗaki.

Ni kuma ga halin da nake ciki. Yanzu idan kaya ya tashi, ba kayan nake kallo ba, gilashinsa nake kallo. Ina korar mutane nesa fiye da ƙa'ida, har leburori sun fara ce mini Alƙali. Idan ya yi jinkirin amsa hannu ko kaɗan ne, sai in sake daka wa mutane tsawa su matsa. Ni ma 'ya'yana uku, kuma ni na fi kowa kusa da kayan.

Na yi tunani iri-iri. Na ce ko in ƙi zuwa aiki ranar, in ce zazzaɓi. Na ce ko in ba shi amma in zuba ɗan suga a ciki, gwajin ya kama shi ba da bakina ba. Na ce ko in sa wani ya tsegunta wa jami'in kariya na kamfanin ba tare da sunana ya fito ba. Kowanne idan na juya shi sai in ji kamar ɓarawo. Idan na ba shi wani abu ya faru, ina zan sa kaina? Idan na hana shi aka kore shi, da wane ido zan shiga gidansu in gaida tsohuwa? Ki faɗa mini abin da zan yi, ko da ba zai yi mini daɗi ba.

Naki,
Mai Ba da Hannu

AMSA

Ɗan'uwa, na karanta wasiƙarka sau biyu, na kuma karanta wa wata likita da nake tuntuɓa ɓangaren da ya shafi jikin yayanka, ba tare da abin da zai nuna ko su wane ne ku ba. Amsa a taƙaice: kada ka ba shi. Amma maganar kwalba ita ce ƙarama a cikin wasiƙarka, kuma idan a kanta kaɗai ka tsaya, ba ka gyara komai ba. Zai je wurin Tanki, ya ci gwaji, ya koma sama da jikin da ka gani da idonka.

Likitar ta ce ba a yanke wa mutum ciwo ta wasiƙa, amma gumi da rawar hannu da ruɗewa, sannan farfaɗowa da zarar an sha zaƙi, sun yi kama da faɗuwar suga. Wasu magungunan suga suna jawo haka idan an sha su ba a ci abinci ba, balle a riƙa ƙara su da ka. Ka lura da abin da wannan ke nufi. Mai yiwuwa abin da ya kusa sakar wa mutane rodi ba ciwon ba ne shi kaɗai, yadda yake shan magani a ɓoye ne, da cikin da yake hana wa abinci saboda tsani. Wannan kuwa abu ne da likita kan iya gyarawa, ta canjin magani ko adadinsa ko lokacin cin abinci. Alewar aljihu ba kariya ba ce. Ranar nan kai ka ɓare masa ita, shi bai iya ba. Kuma faɗuwar suga mai tsanani tana kai mutum ga suma. Ka yi tunanin yadda za a sauko da sumammen mutum ta wannan tsanin. Kafin kowa, shi ne yake cikin haɗari.

Ban raina tsoronsa ba, kuma ba zan kira abokan aikinka mayaudara in wuce ba. Kamfanin da ya ce da mai gaskiya ya je gida za a neme shi, shi ya koya wa ma'aikatansa aro. Kamfani yana da haƙƙin ya san ko wanda ya ɗora a kan injin zai iya riƙe shi, domin rayukan wasu suna ƙarƙashinsa. Haka kuma yana da nauyin ya riƙe sirrin abin da aka gano, ya nemi inda zai sa mutum kafin ya nuna masa ƙofa. Inda ake yin gwajin nan yadda ya kamata, sakamakonsa ba ci ko faɗuwa kaɗai ba ne. Akan ce mutum ya dace, ko ya dace bisa sharaɗi, ko ya dakata har a daidaita shi a sake dubawa. Akwai masu ciwon suga da yawa da suke aiki da injuna a ƙarƙashin kulawar likita. Ko yayanka zai shiga cikinsu, ban sani ba. Dokoki sun bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma wanda abin ya taɓa kamawa a bakin aiki ana tsananta masa. Zai yiwu ya rasa ɗakin gilashin nan na wani lokaci, zai yiwu har abada. Ba zan ɓoye maka wannan ba, kai ma kada ka ɓoye masa.

Dabarunka uku ka bar su. Zazzaɓin ƙarya guduwa ce, ta bar matsalar inda take. Zuba suga a kwalba ha'inci biyu ne a wuri ɗaya, ka cuci gwajin, ka cuci mutumin da ya amince da kai. Tsegumi a ɓoye kuwa, a wurin da mutum biyu ne kawai suka san abin da ya faru a sama, ba ya buƙatar bincike a gane mai shi. Ka ƙara da wannan: idan aka kama aro, mai bayarwa da mai karɓa ake sallama, gida biyu ke nan a rana ɗaya. Kuma idan likitan bana ya ga dama ya huda yatsa, kwalbar hammata ba ta da amfanin komai.

Ga abin da nake ganin za ka yi. Kada ka jira ranar gwaji. Ka je gidansa kafin ya sake hawa, ku keɓe, ka gyara maganar da ka bari a buɗe. Ka ce masa kai tsaye ba za ka iya ba, ka faɗa masa abin da ka gani ranar rodi, domin wanda sugansa ya faɗi sau da yawa ba ya tuna yadda ya kasance. Wataƙila shi a ransa ɗan jiri ne ya ɗebe shi. Sannan kada ka tsaya a kan a'a. Ka ce ka zo ne ka raka shi asibiti, wanda yake nesa da wurin aikinku idan layi yake jin kunya, ku tafi da kwalin maganin da yake sha. Kada ya daina shan magani da kansa, kada kuma ya ƙara. Ya nemi hutun rashin lafiya ko na shekara har likita ya faɗi matsayinsa. Mutumin da ya shiga kwantena da bayanin likitansa a hannu, yana cewa ga abin da ke damuna ga yadda ake kula da shi, ya fi wanda aka kama bakin magana nesa ba kusa ba.

Kafin ranar, ku nemi wakilin ƙungiyar ma'aikata idan kuna da ita, ko wani dattijo a kamfanin da ofis ke jin maganarsa. Ku tambaya a fili, ba tare da ambaton kowa ba, me ƙa'idar kamfani ta tanada wa wanda gwaji ya dakatar, a kuma duba takardar ɗaukar aikinsa. Idan za a sauke shi, a nema masa aikin ƙasa. Mai gwaninta irin tasa zai iya tsara ɗaga kaya, ya koyar da sababbin direbobi, ya kula da masu ɗauri. Albashin zai iya raguwa, kuma a nan ne za ka nuna halaccin da matarka take nema a wurinka. Ku zauna da sauran dangi a ga yadda za a riƙe karatun yarinyar da hidimar tsohuwa har abubuwa su daidaita.

Game da matarka, ba ta yi maka adalci ba, amma da rabin labari take hukunci. Ita tana ganin alewa tana riƙe da ɗan'uwanta lafiya lau. Ka gaya wa Yaya cewa ba za ka ci gaba da ɓoye mata ba, ka ba shi dama ya faɗa mata da bakinsa. Idan bai yi ba, ka faɗa mata. Ina kyautata zaton macen da take sayo wa yayanta alewa don tana tsoron abin da zai same shi, idan ta ji yadda ka same shi a sama, ita za ta riga ka zuwa ƙofar gidansa.

Saura mai wuyar. Idan ya ƙi asibiti, ya ce zai hau, ka faɗa masa a gabansa cewa ba za ka ba shi hannu ba, kuma idan jami'in kariya ya tambaye ka dalili za ka faɗa, idan bai tambaya ba ma za ka je ka same shi. Ka faɗa masa kafin ka yi, don kada ya ji daga bakin wani. Masu ɗaure ƙarfen nan ba su san komai ba, ba wanda ya nemi yardarsu, kuma da kai suka dogara idan suka sunkuya suna aiki kaya yana wucewa a kansu. Alherin da Yaya ya yi maka naka ne ka rama, amma ba da rayukansu ba.

Ka shirya wa fushinsa. Zai iya kiranka butulu, zai iya daina amsa gaisuwarka, tsohuwa ma ta ɗaure maka fuska. Kada ka yi musu, kada ka tsaya kare kanka a gaban dangi, kada kuma ka ɗauke ƙafa daga gidan. Ka ci gaba da zuwa kana gaishe shi ko bai amsa ba, ranar komawa asibiti kuma ka riga shi fitowa bakin ƙofa.

Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa, ya buɗa masa inda bai zata ba, ya sanyaya zuciyar iyalinka. Kai da duk masu aiki a wurin nan, Allah ya mayar da ku gidajenku lafiya kowace yamma.